Burul Mai Karɓar Rigunan Sanyi

A garinmu, cikin duwatsun Kirgizistan, ba a shiga zauren kiɗa da rigar sanyi. A ƙofa ake tuɓewa a miƙa wa Burul, ta rataye, ta ba ka lamba. Tun tana budurwa aikinta ke nan.

'Yata Cholpon tana cikin masu goge a ƙungiyar makaɗan gari har ciwon huhu ya ɗauke ta. Bayan rasuwarta ban daina zuwa ba. Burul ba ta taɓa tayar mini da zancen ba, sai dai ta kira ni da agai, yadda ake kiran malamai maza a wurinmu, ta ce, "Agai, malamin jami'a guda da maɓalli yana lilo?" Kafin a tashi ta ɗinke.

Da majalisar gari ta daina sayen kwal ɗin ɗumama zauren, katakon goguna ya fara tsagewa, yatsun makaɗa suna ƙagewa. Jagoransu Sultanbek ya yi ta sintiri majalisa, ana ce masa za a duba. Burul ce ta bi matan kansiloli kasuwa da wurin biki, har mazan suka yarda su zo sauraro.

Ranar, Sultanbek ya roƙe ta, yana girmama ta da eje, wato babbar yaya. "Burul-eje, don Allah ki bar su da rigunansu."

"In ba su ji a jikinsu ba, da me za su tuna?"

Shugaban majalisar ya zo zai wuce, ta tare shi. "Tuɓe, ɗana."

"Haba eje, a wannan sanyin?"

"Na san ka tun kana yawo da majina. Uwarka ma nan take tuɓewa."

Aka yi dariya, ya tuɓe, sauran suka bi. Ina bayansu. Na ga kunnuwansu sun yi ja, na ga ɗaya ya cusa hannuwa a hammata. Ba wanda ya fita. Da aka gama suka tafa sosai, Burul har da hawaye.

Ba a jima ba majalisa ta zartar cewa ginin bai dace mutane su zauna ciki ba. Aka rufe shi. Kayan kiɗan aka kwashe zuwa babban birni, makaɗan da yawa suka tafi Rasha aikin gini.

Yanzu safa take saƙawa tana sayarwa a bakin kasuwa. Sultanbek ba ya gaishe ta. Rannan na tsaya wurinta, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "So na yi su ji sanyin, agai. Sun kuwa ji."