Minti Biyar ɗin Baba Ilu

Shekara huɗu ke nan cif da muka kai Baba Ilu makwancinsa a bayan garin Sabha. Ba mu da yawa a bayan gawar. Galibinmu leburori ne masu jiran aikin yini a bakin titin unguwar Jadid, waɗanda suka bar layi suka biyo mu da ƙurar siminti a ƙafa. Duk shekara in lokacin ya zagayo sai in ɗauki biro in ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ajiye. Dalili kuwa, ba yabonsa kaɗai ne a bakina ba. Akwai abin da na ɓoye masa har ya koma ga Mahaliccinsa, kuma wallahi na gaji da ɗaukarsa ni kaɗai.

Baba Ilu mutumin Tasawa ne ta Nijar. Ya shigo Libiya da ƙuruciyarsa, ya yi shekaru yana hawan dabino a gonakin Zighan. Da gwiwa ta ƙi, ido kuma ya fara yana, sai ya samu shara da gadi a wani ɗan gidan tarihi a Jadid. Tsohon gidan wasu fatake ne, ɗaki uku, an jera sirdin raƙumi da takubba da tsofaffin butoci da rawunan turkuɗi a cikin gilashi. Jikar masu gidan ce ke kula da shi, mace mai kirki, muna ce mata Mudira, wato shugaba. Ni kuwa Sabi'u, Bakano, rumfata ta gyaran waya tana kallon ƙofar gidan. Ya girme wa mahaifina, amma kullum tare muke shan shayi, yana yi mini tsiyar cewa Kanawa ko gaisuwa sai sun nemi ragi.

A ɗakin ajiya, bayan tsintsiya da bokiti, yana da wani kwali. Ba ya cikin kayan gidan, ba a taɓa sa shi a gilashi ba. Direbobin da ke tasowa daga Agadas su suka fara kawo masa abin da suka tsinta a jikin waɗanda sahara ta cinye: laya, carbi, hoton yarinya da ya koɗe, zobe, ƙaramin madubi. Suna ce masa, "Kai ne mai aikin ajiye tsofaffin kaya, riƙe wannan." Daga baya samarin da za su wuce arewa su hau teku su ma suka riƙa bar masa ajiya, abin da ba sa so ruwa ya ci, da alkawarin za su aiko ko su dawo. Shi kuwa ya haɗa kayan matattu da na rayayyu a kwali ɗaya. Sau nawa na ce masa, "Baba, raba su mana, ko ka bari in rubuta." Sai ya buga goshinsa da yatsa ya ce komai na nan. Bai iya boko ba, bai iya ajami ba, amma ka ɗaga masa kowane abu zai shafa shi ya faɗa maka sunan mai shi in an sani, da garinsu, da direban da ya kawo, da inda aka binne shi in ya mutu.

A shekarar korona aka rufe gidan, Mudira kuma ta maƙale a Tarabulus. Wata rana ta kira ni ta ce za a yi taron ma'aikatan gidajen tarihi na ƙasashe da yawa ta intanet, kowa daga ɗakinsa. Abin da za a tattauna shi ne yadda za a buɗe ƙofa ga kowa: makaho, kurma, gurgu, da mutanen da ba a taɓa ba su damar faɗin labarinsu ba. Ta ce ta sa sunan Baba Ilu, an ba shi minti biyar ya yi magana kan kwalinsa, ni zan fassara zuwa Turanci. Da na kai masa labari bai tambayi ko su wane ne ba. Abu ɗaya ya tambaya.

"Abin da na faɗa, ajiye shi za a yi?"

Na ce, "Ana ɗauka, Baba. Ba ya gogewa."

Ya ce to zai yi. Daga baya na gane abin da ke ransa. Ya ga idonsa na tafiya, ya san ƙwaƙwalwa ma bi za ta yi, yana neman inda zai juye abin da ke kansa.

Ranar taron, bayan azahar, ya fito da farar riga da hular aro, ya sheƙa turare har ina tari. Na ce, "Haba Baba, ai ƙamshi ba ya bin waya." Ya ce ba don su ya sa ba, don maganar ya sa. Na ɗora kwamfuta a kan gilashin takubba, na sa abin sauraro a kunnena tunda shi ba ya jin Turanci, na riƙa gaya masa abin da ke allon. Fuskoki ne birjik a ƙananan tagogi. A gefe wata mata tana juya jawabi zuwa maganar hannu, a ƙasa rubutu na gudu saboda masu nauyin ji. Abin ya burge shi ƙwarai. Ya ce, "Ikon Allah, har kurma an yi masa tanadi. Waɗannan mutanen kirki ne."

Da aka kira sunansa sai ya gyara zama ya yi sallama. Kun san mu. A wurinmu ba ka shiga gidan mutum da buƙata ka faɗe ta a tsaye. Ya tambaye ni ko akwai dattawa a cikinsu, na ce akwai, ya fara da su. Ya gaishe su da gajiya, da iyali, da haƙurin zaman gida. Ya yi ta'aziyya ga duk wanda annobar ta ɗauke masa wani, ya yi addu'a, ya jira a shafa. Ya gode wa Mudira da iyayenta da kakanninta. Kowace jimla kuma sai na juya ta, lokaci na tafiya ninki biyu. Na taka masa ƙafa, ya watso mini wata harara da ta sa na janye. Saƙo ya fito cewa saura minti ɗaya. Yana jawo kwalin, ya ɗaga abu na farko ke nan, sai na ji shugabar zaman tana cewa an gode ƙwarai da wannan jawabi mai ratsa zuciya. Aka yi tafi. Jan layi ya gitta alamar makirufo ɗinmu, tagarmu ta ɓace daga gaban allo, wani ya fara magana.

Baba Ilu bai ji ba, bai gani ba. Ya dafa ni ya ce, "Sabi'u, bar fassarar nan, tana cin lokaci. Tunda ana ɗauka, ka juya musu daga baya." Ya shiga ɗaga kayan ɗaya bayan ɗaya yana kusanto da su ga allon. Wannan na wane ne, ɗan gari kaza, an same shi a wuri kaza. Wannan mai shi na raye, ya ce zai dawo. Haka ya yi ta yi har aka kira la'asar. Ni kuwa ina ta danna maɓalli, ina rubuta roƙo a buɗe mu ko na minti biyu. A kunnena wani bawan Allah yana bayanin faɗin da ya kamata ƙofa ta yi don keken guragu ya wuce. Ban ji nasa ba, ban ji na Baba ba. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne wayata na cikin aljihuna. Ni da nake cin abinci da waya, bai zo mini in ciro ta in ɗauki muryarsa ba. Kaico!

Da ya mayar da na ƙarshe ya rufe kwalin, ya sauke numfashi ya ce, "Alhamdu lillahi, na sauke." Ban taɓa ganin fara'a irin ta ranar a fuskarsa ba. Ya juyo ya ce, "Sun ji?"

Na ce, "Sun ji, Baba."

Mudira ta kira da yamma tana ba da haƙuri, ta ce in gaya masa a sake zama a rubuta komai. Na ce zan gaya masa gobe. Goben nan ta yi wata takwas. Ta yaya zan dubi tsabar idon dattijo in ce masa ya sa farar riga ya yi wa bango magana? Nauyinsa nake ji, haka nake ce wa kaina, amma gaskiyar ita ce kunyar kaina nake ji. Sau biyu na ce masa mu sake bi ta kan kayan, ya ce don me, ai suna cikin injin mutanen nan, kada in wahalar da tsoho. Sai zazzaɓi ya kwantar da shi. Kwana uku ya yi, Allah ya karɓi abinsa.

Nakan zauna in ce, da zai leƙo Jadid yau me zai ce? An sake buɗe gidan. An yi gangara ta siminti a ƙofa, keke na shiga har ɗakin takubba. An manna rubutun makafi a jikin gilashi, an bar wani sirdi a fili don wanda ba ya gani ya shafa. Rawanin turkuɗi ma an rubuta sunansa da Hausa, an faɗi inda ake rina shi. Na san zai ji daɗi, zai share gangarar nan sau biyu a rana. Duk wannan daga taron ya fito, ba zan yi musu butulci ba. Amma hanyar Agadas ba ta daina cin mutane ba. Direbobi sun daina kawo tsintuwa, don babu wanda za su ba. Abin da suka gani a yashi, a yashi suke barinsa.

Na daɗe ina jin haushin masu taron, yanzu ya ragu. Agogo ne a gabansu da jerin masu jira. Sai dai nakan ce, sun yi tanadin kunnen da ba ya ji da idon da ba ya gani, sun tambayi harshen da baƙonsu zai yi magana da shi, amma babu wanda ya tambayi yadda mutanensa ke fara magana. An gayyace shi, an ji gaisuwarsa, an tafa masa, an ɗauka gaisuwar ce saƙon. Mutum ɗaya ne a duniya ya san al'adar ɓangarorin biyu, ya san minti biyar na Bature minti biyar ne, ya san gaisuwar Baba Ilu ba ta da birki. Ni ne. Tun daren jajibirin taron ya kamata in ce masa ya taƙaita, amma bakina ya yi nauyi, don ban san yadda ake ce wa babba kada ya gaisa ba.

Mutane kan ce abin da ya bari shi ne amana, kuma haka ne. Shekaru yana riƙe da kayan waɗanda ba su da kowa a ƙasar nan, ko allura ba ta ɓata ba. Kwalin na rumfata yanzu, a ƙarƙashin teburin gyara, cif yadda ya bar shi. Amma rabin amanar ce ta rage. Kayan na nan, labarinsu ya bi shi kabari, kuma ni na bari ya tafi.

Watan jiya wani dattijo ya yi sallama a rumfata, Malam Hamza, daga wani ƙauye a ƙasar Damagaram. Ya ce ya biyo masu zuwa tsinkar dabino ne, amma ba dabino ya kawo shi ba. Ɗansa Lawali ya fito shekara shida da suka wuce, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. An ce masa a Jadid akwai mai ajiyar kayan matafiya. Na shimfiɗa masa tabarma na juye kwalin. Bai daɗe yana dubawa ba ya ɗauko wata laya ta jar fata, an ɗinke ta da zare shuɗi. Ya ce, "Ni na ɗinka wannan." Na tuna layar sarai. Na tuna Baba Ilu ya ɗaga ta ga allon, ya daɗe a kanta, bakinsa na motsi.

Malam Hamza ya ce, "Ɗana, ka gaya mini tsakaninka da Allah. A jikinsa aka ciro ta, ko shi ya kawo da hannunsa? Matarsa na gida da 'ya'ya biyu. Ba ta san ko ta yi takaba ba, ko ta ci gaba da jira."

Ƙarya ta zo mini har baki, irin mai sanyaya zuciya. Na haɗiye ta. Na ba shi labarin taron daga farko har ƙarshe, shi ne mutum na farko da na taɓa gaya wa. Na ce masa wanda ya sani ya faɗa, a gabana, ni ne ban saurara ba. Na zaci zai tsine mini, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Amma bai yi ba. Ya tambayi sunan marigayin, ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a mai tsawo, muka shafa. Na miƙa masa layar na ce ya tafi da ita gida. Ya juya ta a tafin hannunsa, ya sunkuya ya mayar da ita cikin kwalin.

Ya ce, "Bar ta nan. In yana raye, nan zai zo nema."

Allah ya jiƙan Baba Ilu, ya sa ya huta. Ni kuma ya yafe mini. Malam Hamza ya koma gida ba shi da abin da zai gaya wa surukarsa, kuma har yau tana jira.