Baƙin Gemun Ubale Mai Ruwa

Duk wanda ya zauna a lungunan Balad, tsohon garin Jidda, kafin a ja famfo zuwa gidaje ya san Ubale mai ruwa. Garwa biyu yake ratayawa a sanda, ya saɓa a kafaɗa, ya cika su a famfon unguwa, ya hau dogayen benayen attajirai yana waƙa, don kada wani ya ji yana haki. A nan Jidda aka haife shi. Ubansa da ƙafa ya taho daga Haɗejiya, ya sauke farali ya yi zamansa, kuma babu wanda ya damu ya rubuta ranar da aka haifi ɗan. Amma kowa ya san Ubale ya yi wayo tun Turkawa na gari, har ya sha kai wa sojojinsu ruwa. Shi kaɗai ne ya manta.

Ka kira Ubale ɓarawo, sai ya yi dariya. Ka kuskura ka ce masa tsoho, to ranar gidanka sai dai a yi taimama. Kowace Alhamis matarsa Mastura, mai sayar da gyaɗa a bakin kasuwa, take kwaɓa masa baƙin rini ta shafe gemun nan tas, ya fito wuluk. Ga haƙoran zinariya biyu a gaba, ga kwalli raɗau. Haba, wa zai ce masa baba?

Sai dai ido bai san rini ba. Yanar ido ta fara rufe masa na hagu, ta tsallaka na dama. Ranar da ya tuntsurar da garwa a kan kafet ɗin wani mai shagon yadi, rantsuwa ya yi ta yi cewa an sauya matakalar. Aka bar shi a kan haka.

Ana nan, 'yan shekaru kafin a shiga alif ɗari tara da saba'in, labari ya zaga unguwa cewa an buɗe rajista ta musamman, ta ɗan lokaci, don tsofaffin da ba su da takardar haihuwa. Likita zai dubi mutum ya ƙiyasta shekarunsa. Wanda ya ce ya kai sittin, a ba shi katin magani, har da aikin ido, ba ko kwabo. Ƙarshen Sha'aban za a rufe.

Mastura ta tsugunna gabansa, ta kira shi da sunan ɗansu, yadda Larabawa ke yi. "Abu Hamad, don girman Allah ka je. Idon nan fa tafiya yake."

"Idon wa? Ƙura ce kawai."

"To ka je a cire maka ƙurar."

Da ƙyar ya yarda. Maƙwabcinsu Abdulgaffar tela, wanda Ubale ya girme wa nesa ba kusa ba, shi ma zai je a ranar, don nasa idon ya daina ganin kafar allura. Abdulgaffar ya san abin da ya je nema. Ya zaƙulo riga mai faci, ya ari sanda, ya kwana biyu yana koyon tari.

Shi kuwa gogan naka, da sassafe ya ce a kawo rini.

"Yau ba Alhamis ba ce," in ji Mastura. "Ka bar furfurar nan su gani, ai ita ka je nunawa."

"Ummu Hamad, kina cikin hankalinki? Gaban hukuma zan je! Ubana bai taɓa zuwa gaban hukuma kamar mabaraci ba. Yalla, kwaɓa."

Ta kwaɓa, tana kwaɓawa tana tsaki. Ya sa farar jallabiya ta Idi, ya naɗa rawani, ya goge zinariyarsa da gawayi, ya zuba turare kamar za a ɗaura masa aure. A hanya ya riƙe gefen rigar Abdulgaffar, wai don kada telan ya faɗi.

Likitan wani Bamisire ne, gajiya ta gama cin sa. Tun safe yake leƙa bakunan tsofaffi yana rubuta lamba. Da layi ya zo kan Ubale, ko ɗago kai bai yi ba ya ce wa ma'aikacinsa, "Ba tsohon nan kujera."

Wallahi da ma marin sa ya yi.

"Wane tsoho, ya daktor?" Ubale ya bankaro ƙirji. "Ni a tsaye nake kwana."

Likita ya ɗago, ya ga baƙin gemu, ya ga zinariya na walƙiya. Ya ce, "Ka tuna zamanin Turkawa?"

"Labarinsu nake ji."

"Gwiwa? Baya? Babu inda ke ciwo?"

"Ni?"

Nan ne fa abin ya motsa. Ubale ya lalubi bencin da ke jikin bango, wanda Abdulgaffar ke zaune a kai yana tarinsa na haya, ya rungume shi, ya ɗaga benci da tela gaba ɗaya. Abdulgaffar ya saki sanda yana salati. Tsofaffin da ke layi suka kwashe da kabbara. Likita ya ce, "Masha Allah," ya rubuta hamsin, ya buga hatimi. Shi ba ido aka ce ya duba ba, shekaru aka ce. Telan da aka sauke yana karkarwa, saba'in aka rubuta masa.

Ubale ya dawo gida yana taku ɗai-ɗai, har da tsarabar nama. "Hamsin, Ummu Hamad! Da hatimin gwamnati!" Mastura ta karɓi naman ta ajiye, ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta. Ya ɗauka murna ce.

Ba a jima ba aka yi wa Abdulgaffar aiki, ya koma kan kekensa yana zura zare ba tare da ya roƙi kowa ba. Ubale kuwa wata safiya ya taka iska a matakalar wani bene, shi da garwa suka iso ƙasa tare. Yana kwance ne tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, har ya ce wa Mastura ta bar rinin. Sai dai gemu ba ya furfura don an matsu. Kafin farin ya fito sosai, an sha ruwan azumi.

Ya koma ofishin a duƙe, duƙawar gaske, ba ta koyo irin tarin Abdulgaffar ba. Magatakarda ya duba takarda, ya dubi mutum.

"Halas, ya hajji, an rufe. Kuma daktor ya ce hamsin. In an sake buɗewa, ka dawo ranar da ka cika sittin."

Asibitin kuɗi kuwa, ko Mastura za ta sayar da gyaɗar duniya ba za ta kai shi ƙofarsa ba.

Daga nan Ubale ya koma zaman ƙofar gida. Sandar da ya ɗauki ruwa da ita tsawon rayuwarsa, da ita yake laluben hanyar masallaci. Kada ka ce ya saduda fa. In baƙo ya zo, sai ya ciro takardar daga aljihu, ya aika a kira Abdulgaffar ya karanta, tunda shi ne mai ido a layin. "Da ƙarfi, ya usta Abdulgaffar, su ji." Telan ya karanta, shi kuma ya washe zinariya.

Ya kuma ce a koma rini, tunda furfurar ba ta tsinana masa komai ba. Kowace Alhamis Mastura takan zo da ƙwarya, ta zaunar da shi a tabarma, ta shafe gemun a hankali tun daga kunne har haɓa. Ta daɗe da daina sayen rini. Ruwa ne zalla a ƙwaryar.

"Ya kama?" yakan tambaya.

"Ya kama, Abu Hamad. Wuluk."