Sau Uku Kawu Ya Nemi Izinin Ƙuna

Kai mai karanta wannan takarda, ka taɓa tsayawa a gaban ciyawar da ta fi ka tsawo, ta bushe ƙayau, sannan a ce maka je ka cinna mata wuta, ka kuma tsare ta kada ta wuce inda aka shata mata? Idan ba ka taɓa ba, ka ɗan riƙe bakinka har ka kai ƙarshe, domin mutumin da nake ta'aziyyarsa an yanke masa hukunci alhali ba ya da bakin kare kansa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, sha tara ga watan Disamba, da hantsi, Allah ya karɓi ran kawuna, yayan mahaifiyata, shugaban masu gadin shiyyar arewa ta gandun dajinmu. Ya cika a gadon asibiti, kwana biyu bayan wuta ta rutsa da shi a bakin aiki. Shekara ashirin da tara ya yi yana gadin dajin nan. Ya bar matarsa, Inna, da 'ya'ya biyar. Ni kuwa mai tsaron ƙofar shiga gandun ne, kuma shi ya samo mini aikin lokacin da babu mai son ɗaukar yaro mai baki irin nawa.

Kawu, mutanen gari sun ɗauka aikinku bin mafarauta ne da bindiga. Bari in gaya musu abin da ka koya mini. Rabin aikin mai gadin daji wuta ce. Da zarar damina ta ɗauke, ciyawa tana da sauran danshi, sai ku shiga ku ƙona ta yanki-yanki. Irin wannan wutar rarrafe take yi, ba ta wuce gwiwa, gada da zabo su tsallake ta, itatuwa ko ganye ba sa zubarwa, da yamma raɓa ta kashe ta. Bayan mako biyu toho ya fito, gwanki da ɓauna su samu abin ci. In kuwa aka bari ciyawar ta gama bushewa, wutar da za ta tashi ta fi bishiya tsawo, kuma gudunta ya fi na mutum. Tsakanin wuta ta farko da ta biyu makonni ne ƙalilan. Ba ka taɓa duba kalanda don sanin ranar ba. Kakan tsinko gamba, ka murza ta kusa da kunnenka, ka ce saura kwana goma, ko ka ce gobe.

Ba ka yi boko ba, shi ya sa ka shekara sha bakwai a matsayi ɗaya. Na ƙirga mutum shida da suka zo maka da sabon takalmi da takardar digiri, ba su iya raba sawun kura da na kare ba, ka koya musu, yau huɗu daga cikinsu su ke sa hannu a takardar hutunka. Wani mai bincike ya yi wata uku yana ɗaura kyamara a jikin itatuwa don ya ɗauki damisa, bai samu komai ba sai birai suna leƙen gilashin. Ka tausaya masa, ka kwance guda ɗaya ka mayar da ita gindin wani maɗaci a bakin rafi. Kwana biyu damisa ta wuce. Littafin da ya rubuta na karanta shi daga bango zuwa bango da ƙamus a gefena, na ga ya gode wa matarsa, ya gode wa kamfanin da ya ba shi mota, ban ga inda ya ambace ka ba. Da na zo ina kumfar baki, dariya ka yi, ka ce ai ita ma damisar bai sa sunanta ba kuma ba ta kai ƙara ba.

Akwai wani dattijo da ka kama da tarkon waya goma sha ɗaya. Doka ta ce ka miƙa shi. Kai kuwa ka zaunar da shi, ka raba abincinka biyu, sannan ka sa ya zaga da kai ya cire tarkunan da hannunsa har da waɗanda ba ka gani ba. Ka yi ta zirga-zirga a ofis har aka ɗauke shi aikin cire tarko. Shi ne ya riƙe kan makararka, ya ƙi bari a karɓe shi har maƙabarta. Manoman da ke makwabtaka da gandun ma sun zo, waɗanda kullum giwaye ke shiga musu gona. Sun tsani kakinmu, amma kai in ɓarna ta faru da ƙafarka kake zuwa ka tsaya a zage ka, sannan ka taya su kafa shinge.

A gida kuwa, duk lokacin ƙuna Inna sai ta tare ka a bakin ƙofa ta ce ka cire rigar a waje, ita mutum ta aura ba murhu ba. Kai kuma ka ce ta gode Allah, mijinta ko sauro ba ya kusantarsa. Ni ma ban tsira ba. Ka ce bakina ya fi busasshiyar gamba saurin kamawa, ranar da za a kore ni daga aiki kada in zo maka da kuka. Amma kai ne ka riƙa tattaro mini tsofaffin jaridu da littattafan tsuntsaye da baƙi ke mantawa a masauki, da su na koyi karatun da makaranta ba ta ba ni ba. Ladan da ka nema ɗaya ne, in riƙa rubuta maka rahoto.

Shi ya sa na san abin da zan faɗa yanzu, don da hannuna na rubuta shi.

Ranar ashirin da takwas ga Oktoba ka zauna a kan benci a ɗakin ƙofa, ka faɗa na rubuta, kana neman izinin fara ƙuna. Doka ce, ba a kunna wuta a gandu sai babban ofis ya yarda. Shiru. Tara ga Nuwamba muka sake rubutawa. Ashirin da ɗaya ga wata muka rubuta ta uku, a ciki ka ce in aka ƙara mako biyu ba ƙuna za a yi ba, gobara za a yi. Na so in ƙara wasu kalmomi nawa, ka ce in cire, ba faɗa muka zo yi ba.

Amsa ba ta zo a takarda ba. Ta oba-oba ta zo, rediyon hannun da kuke magana da ofis, ina tsaye a gefenka. Aka ce a dakata, masu ba gandun tallafi za su kawo ziyara farkon Disamba da masu ɗaukar hoto, kuma baƙar ƙasa ba ta kyau a hoto. Ka ce, "Ranka ya daɗe, ciyawa ba ta san da baƙi ba." Aka ce umarni ne daga sama.

Baƙin sun zo, ni na ɗaga musu ƙarfen ƙofa. Ciyawar da aka adana musu ta riga ta zama ruwan ƙasa. Ranar tafiyarsu wata mata a cikinsu ta leƙo ta tagar mota tana tambayar wanda ya rako su, me ya sa ba a yi ƙunar wuri ba bana. Da kunnena na ji. Ya ce mata ana kan shiri.

Sha biyar ga Disamba izini ya fito, shi ma ta oba-oba. Inna ta ce kada ka je, ni ma na ce ka ƙi. Ka ce in ba ku ƙona ba, wani mai neman zuma ko mafarauci zai kunna ta da tsakar rana, kuma ƙauyuka uku sun tara amfanin gonarsu a bakin iyaka. Ranar Talata da sassafe ka fita da mutum huɗu. Kafin azahar iska ta juya, wuta ta tsallake layin da kuka share, ta raba ku biyu. Mutum biyu suka maƙale a gefen kwari, ɗayansu wata bakwai kacal da fara aiki. Kana da hanyar fita, ka koma. Ka ƙona musu wani ɗan fili don wutar ta rasa abin ci a wurin, ka tura su ciki suka kwanta rub da ciki, kai ne ka shiga ƙarshe. Sun fito da rai. A kan babur aka kai ka asibiti.

Kwana huɗu da binne ka aka liƙa sanarwa a allon ofis, layi shida. Ta ce hatsarin ya faru ne sakamakon kunna wuta a bayan lokacin da ƙa'ida ta tsara, bisa shawarar shugaban shiyya. Autarka ce ta fara gani, ta je karɓo kayanka. Ta dawo gida ta tambayi Inna ko da gaske Baba ne ya yi kuskure. Inna ba ta karatu, sai ta juyo ta dube ni.

Mutumin da ya shekara ashirin da tara yana ƙuna ko ɗan zabo bai halaka ba, shi za a rubuta wa cewa bai san lokaci ba. Waɗanda suka tsira an ja musu kunne su yi shiru. Ni ma an aiko mini cewa in tuna aikina na wucin gadi ne. Na tuna. Kwafin takardun uku suna hannuna, kowace da hatimin karɓa.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya gafarta maka, ya sa zafin da ka sha ya zama kankarar zunubi, ya sanyaya makwancinka, ya sa aljanna ce makomarka. Inna, Allah ya ba ki haƙuri da juriya. Mahaifiyata, 'yan'uwana biyar, da abokan aikinsa na shiyyar arewa, Allah ya ba mu dangana, ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo.

Mutuwa mun karɓa, daga Allah take. Sanarwar ce ba mu karɓa ba. Wanda ya riƙe oba-oba ya ce a dakata, da wanda ya umarce shi daga sama, suna raye kuma sun san kansu. Ranar taron ma'aikata na ƙarshen wata zan kawo Inna da autarta su zauna a layin gaba. Ku biyun nan, ɗayanku ya miƙe a gaban kowa ya gaya wa yarinyar nan wane ne ya jinkirta ƙunar bana.