Yadda Baba Mai Faci Ya Tsallaka Titi

Baba Mai Faci ya girmi titin da yake zaune a bakinsa, kuma ba ya bari kowa ya manta da haka. Ya san shi tun yana 'yar hanyar ƙasa da masu kekuna ke bi zuwa kasuwa. A gabansa aka shimfiɗa masa kwalta, kuma duk sa'ad da aka faɗaɗa shi sai Baba ya ja bahon ruwansa da famfonsa baya, har bayansa ya jingina da katangar makaranta.

Can tsallake, daidai saitinsa, shagon Tela yake. Tun suna samari tare suke cin abincin rana. Baba ya wanke baƙin hannunsa, ya ɗauki kwano, ya ɗaga wa motoci hannu kamar ɗan sanda, ya wuce. Su zauna a benci, Baba yana kushe ɗinkin Tela alhali shi ne a jikinsa.

Bara aka raba titin biyu, aka gina katanga a tsakiya har da waya a samanta, aka kafa gadar sama ta masu tafiya da ƙafa. Baba ya je gindin matakalar, ya ɗaga kai sama, gwiwoyinsa suka ce ba da su ba. Tela kuwa ƙafarsa ta fi ta Baba lalacewa, ga ido ya yi rauni, ko ɗaga hannun da ake yi masa daga nesa ba ya gani.

Ana nan sai 'yar Tela ta hawo gada ta zo, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, abokinka fa ya daina cin abincin rana. Yadda na kai kwano haka nake ɗaukowa. Jiya na tarar yana rage wa wandonsa ƙugu."

"Gulma ce ya rasa, 'yata," in ji Baba. "Ita ke buɗe masa ciki."

Ya yi dariya, amma da ta tafi tayar da ke hannunsa ta daɗe ba a ɗaure ta ba.

Washegari da rana ya rufe famfo da buhu, ya rungumi kwanonsa, ya tsayar da bas.

"Ina zuwa, Baba?" kwandasta ya tambaya.

Baba ya nuna shagon Tela.

"Ai ga shi can muna kallo."

"Ni ma ina kallo, ɗana. Ba sai kun je shataletalen ƙarshe kuke juyowa ta wancan hannun ba? To, ja mu je."

Suka wuce asibiti, Baba ya gaya wa matar da ke kusa da shi cewa kududdufi ne a da, a nan ya koyi iyo. Suka wuce babbar tasha, iyakar inda ya taɓa zuwa. Daga nan kuma shi ya koma baƙo: masana'antu, gada a kan gada, benaye masu gilashi. Yana ta kallo har motar ta faɗa wani rami ta girgiza kowa, fasinjoji suna tsaki.

"Ashe nan ake yi mini kwastomomi," ya ce, yana leƙen ramin da girmamawa.

A hanyar dawowa cunkoso ya riƙe su, ba a sauke shi ba sai gab da la'asar. Ya tarar da Tela zaune a gaban keken ɗinki, ba ya ɗinkin komai. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Wa nake ji yana warin roba?"

"Ni ne, tsoho. An ce kana shirin mutuwa ba sallama."

"Ta ina ka biyo?"

"Ta ƙarshen gari."

Tela ya lallubo benci ya jawo, ya buɗe kwanon da ya riga ya huce, ya sa hannu. Baba ya kai loma biyu ya janye hannunsa, yana ba shi labarin gada a kan gada, Tela yana cewa ƙarya ce da abinci cike da bakinsa.

"To yanzu ta ina za ka koma?"

"An ce akwai wani shataletalen ta gabas, bayan layin dogo."

"Gobe ka fito da hantsi."

"Facin kuma wa zai yi mini?"

Tela ya ci gaba da suɗe gefen kwano.