Osmanu Ya Je Neman Segundo

Duk wanda ya saba da layin 'yan sari na Cheetham Hill ya san Osmanu, dogon mutumin nan mai furfura a gemu da ke lodin kaya a wani babban sito na tufafi. Ɗan zangon Kumasi ne. Kafin ya zo Manchester ya daɗe a Almeriya, kudancin Sifen, yana tsinkar tumatir a gonakin da ake lulluɓewa da leda. A can ya iya Sifaniyanci, a can kuma ya yi abokin da bai sake yin irinsa ba.

Sunan abokin Segundo, mutumin ƙasar Ekwado, gajere, da kitso guda har gadon baya. Ɗakinsu ɗaya. Kirista ne, amma ba tare da an roƙe shi ba ya daina sa naman alade a tukunyarsu. Da azumi, in rana ta take, sai ya tura Osmanu inuwa ya ƙarasa masa layinsa. Hirarsa kullum ta garinsu ce, Saraguro, inda gajimare ke saukowa har tsakar gida.

Da aiki ya lalace a Sifen, Segundo ya koma gida, Osmanu kuma ya ƙetaro Ingila. Wayarsa ta ɓata a hanya, lamba ta tafi da ita. Shekaru suka yi ta wucewa. Yaransa sun haddace labarin Segundo, har in ya ɗauko shi sukan ƙarasa masa.

Babbar 'yarsa Barikisu, wadda ke aikin jinya a Birmingham, ta yi ta nema a intanet, sai ta tarar masu wannan suna a ƙasar ba sa ƙirguwa. Wata Asabar da ya kai mata ziyara unguwarsu ta Handsworth, ta fito da jakar goyo irin ta matafiya ta ajiye a gabansa.

"Baba, ka ɗauki holiday ka je ka neme shi da ƙafarka. Mun gaji da ganinka haka."

Matarsa Mubarika, wadda ta raka shi, ta riƙe haɓa. "Da wannan gwiwar? Sai GP ya duba ka tukun."

Likita ya duba, Osmanu ya tafi.

Daga birnin Guayakil na Ekwado ya hau bas, hanya ta yi ta nannaɗe duwatsu har kunnensa ya toshe. Bai yi gaggawa ba, don numfashi ma sai da ya koya sabo. Ya kwana a Kanyar, ya kwana a wasu ƙananan garuruwan da bai riƙe sunansu ba. Kowane gari da filinsa a tsakiya, da cocinsa, da tsofaffin mata masu hulunan malafa suna sayar da dankali kala-kala. Abincinsa ƙwai da cuku da dafaffiyar masara. Sallah kuwa, wayarsa ke nuna masa alƙibla, ya shimfiɗa tawul a ɗakin masauki. Mutane kan yi mamakin baƙon da ke Sifaniyanci da harshen Almeriya, da yawansu kuma sai su ce ai suna da ɗa ko ƙane a can.

A Saraguro ya ga maza da baƙaƙen mayafai, kowa da kitso irin na Segundo, ya riƙa duba fuskokinsu a kowace kwana. Ya tambaya a kasuwa, ya tambaya a tasha. A ƙarshe wani direban a-kori-kura ya ce, "Segundo da ya yi tumatir a Sifen? Ɗan Mama Rosa ne. Hau."

Gidan yana can saman gangara, bayan gonar masara. Wata tsohuwa ce zaune tana kaɗin ulu. Osmanu bai gama sallama ba ta ajiye mazari ta dube shi.

"Kai ne Osman," ta ce. "Wanda ba ya cin alade."

Sai a nan ya ji labarin. Segundo bai jima a gida ba. Noma bai riƙe iyali ba, ya sake fita, ya bi ta ƙasa har Amurka. Yana aikin gini a can, ba shi da takardu, in ya fito ba zai iya komawa ba.

Matar Segundo ta kira mijinta ta bidiyo. Fuska ta bayyana, da hular kwano ta magina, kitson babu. Suka daɗe suna kallon juna. Can Segundo ya yi dariya yana share ido.

"Ɗan'uwa, ka tsufa. Juya wayar, nuna mini gidana."

Osmanu ya zagaya da shi: murhu, garken tumaki, itatuwan turaren da Segundo ya dasa suna ƙanana, yanzu sun wuce rufi. Ya zauna a gidan har aka fara karyar masara, ya taya su. Ranar tafiya Mama Rosa ta riƙe hannunsa har bakin hanya, ta ƙi saki sai da mota ta tsaya.

Ya dawo Manchester, ya koma lodinsa. Mubarika ta ce tun dawowarsa yakan tsaya a taga yana kallon hadari, ba ya jin kira. Da can mutum ɗaya yake kewa, yanzu har da gida guda da duwatsunsa.

Duk Lahadi shi da Segundo suna waya. Har yau ba su haɗu ba, ba su kuma san yaushe ba. Kwanan baya Segundo ya tambaye shi abin da bidiyo ba ya nunawa.

"Ɗakin girkin nan, yaya ƙamshinsa yake yanzu?"

Osmanu ya yi tunani. "Hayaƙin itace, da jiƙaƙƙen ulu."

 Segundo ya ce, "To, bai canja ba."