Gwaji Uku na Baba Mai Fanka

Baba Mai Fanka ya bar gyaran fanka shekara goma sha ɗaya ke nan, amma sunan ya ƙi barinsa. Ya rufe shago ne tun ranar da wutar lantarki ta kashe ƙaninsa a kan tsani. Shi ya ara masa mitar gwajin wuta a ranar, alhali ya san jar wayarta tana wasa. Mita ta nuna sifili, ƙanin ya yarda, ya kama waya. Baba bai yi kuka ba, har yau kuwa. Abinci ma turawa kawai yake, gishiri ya ji ko bai ji ba.

Yanzu a gidan 'yarsa yake, kullum kan kujerar roba a ƙofar falo. Mijin 'yar tasa ma'aikacin ofis ne mai ƙaiƙayin hannu, ya sayo mita 'yar araha, wayoyinta sirara kamar zare. Wata Asabar da hantsi ya tashi gyaran soket ɗin firij. Ya kashe makunni ɗaya a akwatin wuta, ya zura wayoyin mita a soket, ya ga sifili, ya ɗauki sukundireba.

Tsakanin Baba da surukinsa gaisuwa ce kawai, ido a ƙasa. Ina shi ina gyara wa mijin 'yarsa aiki? Amma bakinsa bai yi shawara da shi ba.

"Dakata. Gwada ta a soket ɗin kusa da talabijin."

"Baba, ai ta nuna babu wuta."

"Gwada dai."

Nan ma sifili, ga talabijin na ta zuba. Ashe maɓallin mitar a kan gwajin batir yake. Baba ya murɗa shi zuwa wutar gida, lamba ta fito. Aka koma soket ɗin firij, wuta na nan daram. Makunnin wani ɗaki surukin ya kashe.

Surukin ya zauna a ƙasa, gumi na karyo masa. Baba ya ce masa gwaji uku ake yi: inda ka tabbata akwai wuta, sai inda za ka taɓa, sai ka sake komawa na farko.

Ya koma kujerarsa yana jiran ya ji wani abu, ko daɗi ko hawaye. Shiru. Abin da ya zo masa kawai shi ne, maganar nan ba ta ci minti ɗaya ba, kuma ya san ta tun kafin ƙaninsa ya hau tsani.