Kwanon da Yake Komawa a Cike

Abubuwa da yawa sun same ni a duniya waɗanda yanzu sai an tuna mani, amma ranar da uwar 'ya'yana ta zauna a gabana ta ci tuwona tana hawaye, wannan kam ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Ubangijina.

Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Agiye. Gero, wake da 'yar aya, su ne sana'ata. Da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa yau nake iya sa wannan labari a takarda da hannuna.

A shekarun nan da ake ta maganar korona ne wani zazzaɓi ya kayar da ni, da tari da ciwon ƙirji. Ko ita ce, ko ba ita ba ce, Allah ne masani, don ba a gwada ni ba. Na sha kwanciya, sannan na tashi. Mutane suka yi ta zuwa barka da arziki, kowa yana cewa na warke. Ni ma haka na ɗauka. Sai dai daga gida zuwa masallaci sai na tsaya na dafa bango, in kuwa na kama hauya ba na kai ƙarshen kunya sai numfashi ya ƙare. Hancina kuma ya mutu, ba na jin ƙamshi, ba na jin wari. Wannan bai dame ni sosai ba. Na ce wanda ya ga bakin kabari ya dawo, ai ba zai yi kukan hanci ba.

Ashe mutuwar hancin sauƙi ce. Da ya farfaɗo bayan wasu watanni, sai ya farfaɗo a karkace.

Uwar 'ya'yana gwanar daddawar batso ce, wadda ake yi da gurguzu. Tun tana amarya take yin ta, kuma ranar kasuwar Agiye tata ba ta kai azahar. Mata daga wasu ƙauyuka sukan aiko a ajiye masu. Ita ce abin alfaharinta, ni ma nakan yi taƙama da ita a cikin maza. To wata rana da hantsi ta kawo mani ɗumame, na buɗe kwano, sai wani wari ya doke ni kamar mushen jaki ya kwana uku a rana.

Na ce, "Ke, duba tukunyar nan. Ko ɓera ya faɗa ciki?"

Ta ɗauki kwanon ta sunsuna, ta lasa miyar, ta dube ni. "Malam, miyar da kake ci ce tun ina amarya."

Na ga yadda fuskarta ta sauya, sai na ja bakina na yi shiru. Daga ranar daddawa, albasa, man gyaɗa, nama, duk warinsu ɗaya ne a hancina. Na je wurin likita a Agiye, ya saurari ƙirjina, ya ce akwai waɗanda hakan yake samu bayan irin wannan ciwo, babu ƙwayar da zai ba ni, sai dai a hankali. Na taɓa gwada maganar a dandali inda muke zama bayan la'asar. Wani abokina ya kwashe da dariya ya ce, "Hanci ma yanzu ciwo yake? To toshe shi ka ci, ai ba da hanci ake haɗiya ba." Wani dattijo kuma ya ce in nemi tofi, wannan aikin iska ne. Ban ƙara tayar da zancen ba.

A gida kuwa, da wane baki zan gaya wa mace cewa abin da aka san ta da shi warin mushe yake mani? Na ce bari in yi haƙuri, zai wuce. Tun ina yaro ake yabona da haƙuri, ban taɓa tunanin yana iya cutar da wani ba. In ta kawo tuwo sai in gutsuri gefen da miya ba ta taɓa ba, in haɗiye shi gaya, in rufe kwano. In ta tambaya sai in ce cikina ne bai buɗe ba. Farau-farau da koko marar yaji suka zama abincina. Na rame har wandona yana zamewa.

Ina da ya, wadda mijinta ya rasu, gidanta yana kallon namu. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, har yau kallon yaro take mani. Da ta ga yadda na koma, sai ta fara aiko mani da kwano kullum da rana. Nata abincin ma warinsa ɗaya da na gidana, amma shi a ƙofar gida ake kawo shi, inda maza suke zaune, sai in tura masu su cinye. Na uwar 'ya'yana kuwa, tun da na yi ciwo a ɗaki take ajiye mani, ba mai taya ni. Saboda haka kullum kwanon yata yana komawa a suɗe, na matata yana komawa a cike. Ni ban lura da abin da wannan yake faɗa ba. Gari kuwa ya lura.

A wurinmu, namiji ba ya daina cin abincin matarsa haka kawai. In ya daina bayan ya tashi daga ciwo, fassararsa ɗaya ce: yana zargin wani abu aka zuba masa. Daga baya na ji cewa yata ta faɗa a bakin rijiya cewa jikin mutum yakan gane abin da aka ba shi ko da bakinsa bai faɗa ba. Ban ce da mugunta ta faɗa ba, tsoro ne ya sa ta. Amma magana ta tafi. Masu aiko a ajiye masu daddawa suka fara raguwa. Uwar 'ya'yana tana zuwa kasuwa tana dawowa da kayanta, ba ta ce mani komai ba. Ita tana nata haƙurin, ni ina nawa, muna kwana gida ɗaya.

Ranar da nake magana, da rana ne, farkon damina. Ta shigo da kwano ta ajiye. Maimakon ta fita kamar yadda ta saba, sai ta jawo ƙwaryar ruwa ta wanke hannunta, ta zauna a bakin tabarmata. Tun da aka kawo ta gidan nan ba mu taɓa sa hannu a kwano ɗaya ba. Ta buɗe, ta yanki loma ta dulmiya cikin miya ta ci. Ta juya kwanon ta ci ta wancan gefe. Ta sa yatsa har ƙasa ta kwaso miyar da ta kwanta, ta lashe. Hawaye yana zuba yana shiga bakinta tare da tuwon, ba ta share ba.

Ta ce, "Ka gani, Malam? In akwai wani abu a ciki, ni zai fara kashewa."

Na ce, "Subhanallahi. Wa ya ce maki haka?"

"Ba sai an ce ba. Kwano ya faɗa." Ta turo shi gabana. "Na haifa maka 'ya'ya, na binne biyu a gidan nan. Ci loma ɗaya a gabana, ɗaya tak, in san inda nake."

Allah ya sani na yi niyya. Na yanki lomar, na taɓa miya, na ɗauke numfashi na kai baki. Kafin in haɗiye amai ya taso mani, na tashi da gudu na yi bayan danga. Da na dawo ba ta nan, kwanon yana buɗe, ƙudaje sun sauka a kai. Na bi ta ƙofar ɗakinta ina cewa hancina ne, ba abincin ba. Amma maganar da aka ɓoye wata da watanni, in ta fito a irin wannan lokaci, kama da ƙarya take yi.

Washegari ta ce za ta je Gazawa ta gaida tsohuwarta. Ƙullin kayan da ta ɗaura ya fi na mai kwana biyu.

Gidan ya zama kango. 'Yarmu budurwa ita ke girki, tana ajiye mani koko ba ta ɗaga ido ta dube ni. Al'ada ita ce in tura dattijo biko, amma na san babu dattijon da zai iya kai abin da ni kaina na kasa faɗa. Na shiga motar kasuwa da kaina, warin mai yana juya mani kai har Gazawa. Daga tasha zuwa gidansu ba nisa, amma ina tafiya ina hutawa kamar tsoho.

Ƙaninta na tarar a zaure, magidanci ne mai fatauci zuwa ƙetaren iyaka, kuma tun yana saurayi muke wasa da shi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "A'a, ga mai azumin da ba a shan ruwa. An ce ka zama waliyyi, iska kawai kake ci."

Na ce, "Kai dai ji da tumbinka, kada ya riga ka shiga gida."

Ya yi 'yar dariya, ba ta daɗe ba. Muka gaisa, ya shiga ciki. Can sai ya fito da kwano a hannunsa, da kansa, ba aike ba. Ya ajiye a gabana ya ce, "Tsohuwa ce ta girka da hannunta. Ta ce a ba ka, ta ga ko ita ma ana tsoronta."

Kowa ya san suruki ba ya sakin jiki da abinci a gidan surukai, a wata rana da sai in taɓa in rufe, ba wanda zai ce komai. Ranar kuwa ba halin haka. Ya buɗe. Tuwon gero ne da miyar kuka, an yanka zabo saboda ni. Warin ya taso, zufa ta karyo mani, na kau da kai, na toshe bakina da hannun riga. Na yi ƙoƙarin miƙa hannu, na kasa.

Sai na ji murya daga bayan zana. "Rufe kwanon nan." Surukata ce. Ashe tana tsaye tana kallo ta kafar zanar. Tun da na auri 'yarta, maganarmu ba ta taɓa wuce gaisuwa ba, ina durƙushe, ita tana daga nesa. Ta ce, "Ɗan nan, me kake ji?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Mushe, Inna."

Da wannan kalma ta fita, sauran suka biyo ta. Na faɗi na albasa da na nama. Na faɗi yadda sabulu yake mani warin taya mai ƙonewa. Na faɗi yadda aka miƙo mani jikana ranar suna, na kai fuskata kansa, na yi saurin mayar da shi don kada a ga abin da fuskata za ta yi. Na faɗi yadda ruwan farko ya sauka kowa yana cewa ƙasa ta yi ƙamshi, ni ina zaune kamar baƙo a cikin jikina. Ban san ina kuka ba sai da ƙanin nata ya tashi ya fita waje ya bar ni.

Tsohuwa ta ce, "To ai wannan ciwo ne. Me ya hana ka faɗa?"

Na ce, "Kunya, Inna. Kada ranta ya ɓaci."

Ta ce, "Ga shi kuwa bai ɓaci ba."

Sai na ji wata muryar a bayan tata, wadda na sani fiye da tawa. A hankali ta yi maganar, kamar ba da ni take ba. "Da ka ce mani hancinka ne ba lafiya, da na yi jinyarsa kamar yadda na yi jinyar ƙirjinka. Sai ka bar ni gari yana nuna ni da baki."

Bayan 'yan kwanaki ƙaninta ya dawo da ita a kan babur. Na zaga gida gida na faɗi ciwona da bakina, har a dandalin da aka yi mani dariya. Wasu sun yarda, wasu sun ce rufin asiri ne kawai irin na miji da mata. Yata ta zo ta ba da haƙuri, an yafe, amma har yau tsakaninsu gaisuwa ce kawai.

Daddawa kuwa ta bari. Masu saye ba su dawo yadda suke ba, kuma in ta jiƙa gurguzu ya fara tashi, ni ba na iya zama a gidan. Ban ce ta bari ba, ita ce wata rana ta wanke tukwanen ta kife su a bayan ɗaki. Suna nan, kaji suna kwana a kansu. Yanzu tukunya biyu take ɗorawa, ta gida da tawa, tawa kuka ce da gishiri kawai. Numfashina ya ɗan dawo, ina noma rabin abin da nake yi da. Hancin wata rana ya sassauta, wata rana ya koma. In ruwan farko ya sauka takan tambaye ni, "Ka ji?" In ce a'a. Sai ta ce, "Yana nan yadda ka san shi."

Akwai abu ɗaya da ya rage wanda ya fi duk waɗannan yi mani nauyi. Har yau, in ta ajiye mani kwano, sai ta yanki 'yar loma ta ci a gabana kafin ta tashi. Na roƙe ta ta bari, ba sau ɗaya ba. Ta ce ba komai, hannunta ne ya saba.

Abin da na koya shi ne, tashi daga tabarmar ciwo daban, warkewa daban. Ciwon da ido ba ya gani, in mai shi bai buɗe baki ba, mutane za su sa masa suna da kansu, kuma a kan wanda ya fi kusa da kai sunan zai faɗa. Na ɗauka shirun da na yi haƙuri ne, ashe wata ce take biya. Shi ya sa yanzu in na je gaida wanda ya tashi daga ciwo ya ce mani ya ji sauƙi, ba na saurin miƙewa. Nakan gyara zama in ce masa, "To, me ya rage?"